Katin da Mirja Ta Sa Wa Suna

Ƙarfe ɗaya na ranar Litinin na shiga gidan kallo, na tarar da katin a jikin allo.

Gunvor ce ta manna shi, a tsakiya, sama da duk sauran. Ita ke riƙe da silimar garinmu tun kafin a haife ni. Ni kuma tun da na gama sakandare nake kunna mata majigi, in yaga tikiti, in share ƙasa. Al'adarta ce duk fim ɗin da aka nuna ta raba wa mutane kati da fensir a bakin ƙofa, kowa ya rubuta ra'ayinsa ya jefa a akwati. Daga baya ta zaɓi waɗanda suka yi mata, ta manna a zaure.

Wancan makon fim ɗin ƙasarmu ake nunawa, wanda ake ta surutu a kansa har a jaridun kudu. Yaron da ba shi da aboki, da yarinyar da ke rayuwa da jinin mutane. A ƙarshe ya bar gida ya bi ta.

Na tsaya ina karantawa, ƙanƙara na narkewa daga takalmina.

“Jinin ya yi yawa. Na kasa cin nama kwana biyu.”

“Wa ya ce fim ɗin tsoro ne? Fim ɗin kaɗaici ne.”

“Mayya ce kawai. Bawa take nema, ba aboki ba.”

“Gunvor, kujera ta bakwai a karye take tun bara.”

Ga nawa can ƙasa: “Ƙarshe mai daɗi. Ya samu wadda ta tsaya masa.”

Ba wanda yake sa suna. Kowa ya san haka. Kowa, ban da wadda ba ta taɓa shiga silima ba sai ranar Asabar ɗin da ta wuce.

Na ɗaga kai zuwa na tsakiyar. Rubutu ƙanana a miƙe, wanda na sani tun aji ɗaya.

“Na ji mutane suna cewa ƙarshen ya yi daɗi. Ni kuka na yi. Yaron ya bi ta don ita kaɗai ta taɓa ganinsa. Amma daga yau ba shi da uwa, ba shi da gida, ba shi da mai gaishe shi da safe in ba ita ba. Ina tsoron irin wannan son. Kuma shi nake yi.”

A ƙasa, ɓaro-ɓaro: Mirja Wanhainen.

“Gunvor!”

Ta leƙo daga ofis da kofi a hannu.

“Lafiya kake kwaɗa mini kira kamar an yi gobara?”

“Tun yaushe wannan yake nan?”

“Tun bakwai da rabi. Ka karanta? Shekara talatin ina tara katin nan ban taɓa samun irinsa ba. Sauran duk ‘ya yi daɗi’, ‘bai yi daɗi ba’, sai ka ce masu ɗanɗana miya.”

“Kin ga sunan?”

“Na gani mana. Na ce kai, ga yarinya mai zuciya.” Ta sauke tabarau daga goshi, ta matso kusa da allon. “Wanhainen. Wane Wanhainen ɗin?”

“’Yar Levi.”

Ta ajiye kofin a kan benci a hankali.

“Na shiga uku,” in ji ta.

Na fizge katin har ƙusar ta faɗi. Amma a banza. Ranar Litinin ce ake yi wa tsofaffi allurar mura a zauren nan. Tun safe rabin masu bi irin Levi, mutanen ɗakin addu'a, suke zaune a kan bencin suna jiran layi, kuma bencin allon yake fuskanta.

*

Tun muna shekara bakwai muke zama kujera ɗaya a motar makaranta, ni da Mirja. In malama za ta kunna talabijin a aji, sai a fitar da ’ya’yan masu bi su zauna a ɗakin littattafai. Ni sai in ce cikina yana ciwo. Shekara tara cikina yana ciwo duk ranar Juma'a. Malama har takarda ta taɓa aika wa mahaifiyata a kai ni asibiti.

Masu bi ba sa kallo, ba sa rawa, ba sa giya. Kuma ba sa aure a waje.

In suka haɗu da junansu cewa suke “Salamar Allah.” Mu sauran kuwa “sannu” ce tamu. Kalma ce kawai, amma na san nauyinta. Mahaifiyata ’yar cikinsu ce, ta fita tana shekara goma sha tara. Da idona na sha ganin kakata Hilja ta shigo gidanmu, ta karkaɗe ƙanƙara, ta ce wa ’yar da ta haifa “sannu” kamar mai gaida direban bas. Ta sha kofi, ta kawo mana safar da ta saƙa, ta tafi. Ba faɗa, ba zagi. Haka har aka binne ta.

Ranar jana'izar mahaifiyata ba ta yi hawaye ba. A mota ta ce mini abu ɗaya.

“Na yi ta jira ko za ta manta sau ɗaya ta faɗa mini.”

Na san duk wannan. Duk da haka na ce wa Mirja ta zo ta ga fim ɗaya a rayuwarta, na ƙarfe uku, ta ƙofar baya, ba wanda zai sani.

Na same ta bayan gidan tsofaffi inda take aiki. Ƙarfe biyu da rabi, gari ya riga ya yi duhu, yadda yake yi da wuri a Disamba a nan arewa. Tana tsaye kusa da kwandon shara, ba hula, ba safar hannu. Idanunta sun kumbura.

“Na zaci kai kaɗai za ka karanta,” ta ce tun kafin in iso. “Na ga akwati da kwaɗo. Na ce ai Valter ne mai makulli.”

“Me ya sa kika sa suna?”

“To ya ake yi? Mutum ya faɗi magana ya ɓuya? Ni ba a koya mini haka ba. Ko takardar cefane na rubuta sai na sa suna.”

“Ba a sawa.”

“Ai ba ka gaya mini ba!”

Gaskiya ne. Ban gaya mata ba.

“Wa ya kai?”

“Goggo Rauha. Ta kwafe shi kalma-kalma a bayan takardar allurarta, ta kawo wa Baba wurin abincin rana. Mama ce ta kira ni a waya, ba na ma gane abin da take faɗa don kuka.”

“Me ya ce?”

“Bai ce komai ba. Ya cinye dankalinsa. Sai ya ce ranar Lahadi bayan sujada za a zauna.” Ta goge hanci da bayan hannu. “Tobias ma zai zo.”

Tobias Rova. Direban motar katako, shi ke ba da waƙa a ɗakin addu'a. Ya gina gida a bakin kogi mai ɗaki shida, shi kaɗai a ciki. Sau biyu yana tambayar ta, sau biyu tana cewa ya ba ta lokaci. Ba wanda ya tilasta mata. Su ba sa tilastawa. Kawai dai duk Lahadi, kujerar da ta rage a teburinsu ita ce ta kusa da Tobias.

“Mu tafi Kiruna,” na ce. “Ana ɗaukar ma'aikata a wurin haƙar ƙarfe. Mu kama ɗaki.”

Ta dube ni, ta yi wata ’yar dariya wadda ta fi kuka ciwo.

“Ka gani? Abin da na rubuta kenan.”

“Ni ne mai shan jinin kenan.”

“Ban ce ba.”

“Kin ce.”

“Valter, don Allah. Ƙannena tara. Tara! Huɗu daga ciki ni na koya musu tafiya. In na fita, ba korata za a yi ba, ka sani. Zan zo, a ba ni kujera, a zuba mini kofi. Su shigo ɗaya bayan ɗaya su ce mini sannu. Ka san yadda abin yake, a gidanku aka yi.”

“Na sani.”

“To ka ce wani abu mana! Kullum shiru, kullum ‘na sani’. Ka ce in bar ka, sai in bar ka. Ka ce in bar su. Ka ɗauke mini ko da rabi ne.”

Hawayen suna daskarewa a gashin idonta. Na cire safar hannuna na sa mata. Ta bari.

“Ban iya ba,” na ce.

“Me ba ka iya ba?”

“Ko ɗaya.”

Ta jingina goshinta a ƙirjina. Ina jin kafaɗunta suna rawa ta cikin rigar aiki.

“Da fitilu suka mutu ranar Asabar,” ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, “na ji tsoro kamar zan mutu. Ba na jinin ba. Jini ai kullum ina wanke shi a nan. Tsoron da na ji, don na ga ban ji na yi laifi ba. Na jira ya zo. Bai zo ba. Ina ta kallon yaran nan biyu, ina ganin ɗakin littattafai.”

“Mirja.”

“Ranar Lahadi in na nemi gafara, ba a kan fim kaɗai za a tsaya ba. Za a tambaye ni kai.”

“Me za ki ce?”

Aka buɗe ƙofar baya, wata ma'aikaciya ta kira sunanta, wai tsohon ɗaki na huɗu ya faɗi. Ta cire safar, ta tura mini a hannu.

“Ban sani ba,” ta ce. “Wallahi ba ma rantsuwa, amma ga shi na yi. Ban sani ba.”

*

Talata ba saƙo. Laraba ba saƙo.

Laraba muna nuna na ƙarfe uku saboda masu aikin safe. Mutum shida suka shiga. Na kashe fitilu, na sauko in rufe ƙofa, sai ga na bakwai. Dogo, hula har gira, kwalar riga a tsaye. Ya ajiye kuɗinsa ba tare da ya dube ni ba, ya wuce layin ƙarshe.

Ko a cikin buhu aka sa Tobias Rova zan gane tafiyarsa.

Na koma sama na tsaya a ’yar tagar majigi. Ban kalli fim ɗin ba, shi na kalla. Bai cire hula ba. Wajen tsakiya ya sunkuyar da kai ya daɗe. Da aka gama ya jira kowa ya fita, ya ɗauki kati, ya danna shi a bango ya yi rubutu. Ya jefa. Ya fita da sauri kamar wanda ya ƙona hannu.

Makullin akwatin yana aljihuna.

Na duba katin sama-sama. Rubutunsa ne, irin wanda yake yi a takardar kai katako, manyan baƙaƙe a karkace. Abin da ya dame ni kenan. Ban tsaya na ji abin da ke ciki ba.

Gunvor ta same ni ina sa shi a aljihu.

“Wannan na akwati ne.”

“Aro zan yi.”

“Ɗan nan, dube ni. Ni na yi ɓarna ɗaya a makon nan da kati, ta ishe mu. Mutum ya shigo duhu ya zauna don kada a gan shi. Wannan ne kaɗai abin da muke sayarwa a gidan nan.”

“Mirja fa, wa ya rufa mata asiri?”

Na ɗauki tsintsiya.

*

Ranar Lahadi ba a gayyace ni gidan Levi ba. Na je.

Na shiga yadda ake shiga, ba ƙwanƙwasawa, na tsaya bakin ƙofa kusa da akwatin itace har a yi mini magana. Ƙarfe biyu na rana. An kora yaran sama, amma ko motsin ƙafa ba ka ji, ka san kunnuwa tara suna manne da dabe.

Levi yana kan tebur, hannayensa a kife. Aina, uwar Mirja, tana tsaye jikin murhu da butar kofi. Tobias a gefe, da farar riga. Mirja a kusa da shi, kanta a ƙasa.

“Sannu, jikan Hilja,” in ji Levi. “Ba a kira ka ba. Amma ba a barin mutum a tsaye a watan Disamba. Zauna.”

Na zauna. Aina ta zuba mini kofi, ta jefa cuku a ciki kamar yadda ake sha a nan.

Levi ya ciro takardar allura daga aljihu ya shimfiɗa. Bai sa tabarau ba. Ya riga ya haddace.

“Ban ga abin da kuka kalla ba,” ya ce, “ba kuma zan gani ba. An ce mini akwai masu cewa ya yi daɗi, akwai masu cewa mayya ce. Ni ’yata ta bayyana mini shi sarai. Wani ya zo daga waje, ya samu yaro, ya raba shi da gidansu, kuma sunan abin so. Ba sai na je silima ba. Na riga na ga wannan a gidan Hilja. Ni na ɗauki akwatin gawarta, na ga uwarka tsaye can baya kamar baƙuwa.”

“Ku kuka tsayar da ita a baya.”

“Da ƙafarta ta je.”

“Baba,” in ji Mirja.

“Ba faɗa nake yi ba. Valter, ba na ƙinka. Kana yaro ka sha cin burodi a teburin nan. Tambaya ɗaya zan yi maka. In ka ɗauke ta, me za ka ba ta a madadin waɗanda ke sama?”

Ba ni da abin ba ta. Ya sani. Na ga Tobias ya sunkuyar da kai, kamar ma yana jin kunya a madadina, sai raina ya ɓaci.

“Tambayi surukin da kuke so,” na ce, “ina yake ranar Laraba ƙarfe uku.”



Na ciro katin. Na karanta da ƙarfi, don na sama ma su ji.

“‘Na zo ne in ga abin da ya sa ta kuka. Na gani. Yaron zai rasa komai, kuma ina jin ya sani.’”

A nan ya kamata in tsaya. Bakina ya riga ya wuce.

“‘Allah ya yafe mini. Da ni ne, da na bi ta.’”

Da kunnena na ji abin da na karanta. Na zo in tona masa asiri, na ɓuge da isar wa Mirja wasiƙarsa. Mirja ta ɗago kai tana kallon Tobias, irin kallon da ba ta taɓa yi masa ba.

Ya miƙe. Wuyansa ya yi ja har kunnuwa.

“Rubutuna ne,” ya ce. Ya juya wajen Levi. “Na shiga inda bai kamata ba, kuma na ɓoye. Yau da safe na ba da waƙa da wannan a zuciyata. Ko akwai gafara gare ni?”

Levi ya tashi ya dafa kafaɗarsa.

“Ka gaskata an gafarta maka zunubanka duka, cikin sunan Yesu da jininsa.”

Aina ta maimaita daga jikin murhu. Tobias ya rufe fuska da tafi, ya ja numfashi, ya zauna.

Shi kenan. Minti ɗaya bai cika ba. Na manta da wannan, ni da na tashi ina ji daga bakin kakata: a wurinsu abin da aka roƙa aka yafe ya mutu, ba mai sake tada shi. Kwana huɗu ina ɗauke da katin kamar wuƙa. Ga shi Tobias ya zauna ya fi lokacin da ya shigo tsabta. Ni kuwa ina riƙe da takardar da na sata daga akwati.

“Ka gama?” Levi ya tambaye ni.

“Na gama.”

“Mirja.”

Ta miƙe, ta dafa tebur da hannu biyu.

“Mama, ranar Asabar na ce miki ina wurin aiki. Ƙarya na yi miki. Ko akwai gafara?”

Aina ta ajiye butar, ta zo da gudu ta rungume ta, ta faɗi kalmomin cikin gashinta, tana kuka.

“Baba, na sa an yi ta yawo da sunanka a bakin mutane. Na ɓoye maka abu shekara da shekaru. Ko akwai gafara?”

“Ki gaskata an gafarta miki, ’yata.” Muryarsa ta karye a kalmar ƙarshe. Ya jira. “Sauran fa?”

Mirja ta ci gaba da dafe tebur.

“Sauran fa, Mirja? Kalma ce kaɗan. Kin ga yanzu yadda take da sauƙi.”

“Faɗi, ’yar nan,” in ji Aina. “Faɗi kawai. Na roƙe ki. Ki faɗa, a sha kofi, a kira yara su sauko.”

“Mama, ina so in faɗa.” Hawaye suka ɓalle mata. “Tun Litinin nake neman nadama a cikina. Na yi addu'a a ɗakin wanki a wurin aiki, na yi a mota, na yi a durƙushe har gwiwata ta mutu. Na ce Ubangiji, ka sa in ji na yi laifi, ko kaɗan ne, in samu abin kawo wa Baba. Ban samu ba. In na ce na tuba, ƙarya zan yi a gabanku da gaban Allah, bayan yanzun nan aka yafe mini ƙarya. Baba, kai ka hana ni ƙarya.”

“Ko bayan abin da Valter ya yi yanzu a gabanki?”

“Abin da ya yi mummuna ne.” Ba ta dube ni ba. “Na ji kunya kamar in nutse. Zai ji daga bakina.”

Ta juya wajen Tobias.

“Tobias, ka fi shi kirki. Na sani, kowa ya sani, shi ma ya sani. Ba wanda ya taɓa rubuta abu irin wannan a kaina. Da ana zaɓa da hankali, da tuni ina gidanka ina ɗinka labule.”

“Kada ki ƙarasa,” ya ce.

“Sai na ƙarasa. Ba kai ka zauna da ni a ɗakin littattafai ba.”

Levi ya daɗe yana kallon takardar allurar. Sannan ya ninke ta gida huɗu, ya buɗe murhu ya jefa. Ya je bakin ƙofa ya sauko da rigar sanyinta daga ƙugiya, ya buɗe mata kamar yadda ake yi wa ƙaramar yarinya. Ta zura hannu ɗaya, ta zura ɗayan. Ya gyara mata kwala.

“Ƙofar nan a buɗe take kullum,” ya ce. “Ki zo ki ci abinci duk ranar da kika so.”

“Baba.”

“Sannu, Mirja. Ki kula da matakala, akwai santsi.”

Wani sauti ya fito daga bakin Aina, ba kuka ba, ba magana ba. Ta toshe shi da ƙyallen hannu.

Na ajiye katin a gaban Tobias.

“Naka ne. Bai kamata ba.”

Ya dube ni da jajayen idanu.

“Ba zan iya faɗa maka kalmomin ba, ba ka cikinmu,” ya ce. “Je ka. Ka kunna mata zafi a motarka, ba ta da safa.”

*

Ban san inda zan nufa ba. Na bi hanyar kogi, na tsaya a inda masu kamun kifi ke ajiye motoci. Ƙarfe uku da ’yan mintoci, ba abin da ake gani sai ƙanƙara a gaban fitila.

Ta yi kuka har muryarta ta tafi. Ban taɓa ta ba. Ban ga ina da hurumi ba.

“Me ya kai ka?” ta ce daga baya. “Me ya kai ka ka karanta?”

“Tsoro.”

“Na me?”

“Na ɗaki shida.”

“Wawa.” Ta bugi kafaɗata, da gaske. “Wawa kawai. Saura ƙiris ka sa in zaɓe shi. Ka san haka? Ƙiris.”

“Na sani.”

“In ka sake ce mini ‘na sani’ sai na sauka na tafi a ƙasa.”

Ta jingina kai da gilashi.

“Kai me ka rubuta a naka katin?”

Na so in yi ƙarya.

“‘Ƙarshe mai daɗi.’”

Ta yi dariya, hawaye na zuba.

“Har yanzu?”

“A'a.”

“To yanzu me za ka rubuta?”

“Cewa ya kamata wani ya riƙa mayar da yaron gida duk Lahadi. Ko sannu ce za a ce masa.” Na riƙe sitiyari da ƙarfi. “Ba za mu Kiruna ba. Zan kai ki gida duk mako. In zauna a mota in jira.”

“Za ka daskare.”

“Cikina ya saba da ciwo.”

Ba ta yi dariya ba wannan karon. Ta dubi tafin hannunta.

“Shekara ashirin da ɗaya,” ta ce, “ban taɓa wayar gari ban faɗa wa wani gaisuwarmu ba. Ita ce maganar farko da ke fita daga bakina, kafin ruwa. Gobe da safe wa zan ce wa?”

Injin yana ta kaɗawa.

Sai ta juyo gaba ɗaya, ta dube ni.

“Salamar Allah, Valter.”

Ba wanda ya taɓa faɗa mini. Na sha jin kakata tana mayar wa mutane a bakin ƙofarmu, ta bisa kan mahaifiyata.

“Salamar Allah, Mirja.”

“Ba ka da ikon faɗa,” ta ce.

“Ba ni da shi.”

Ta kamo hannuna da nata masu sanyi, ta rufe ido.

“Sake faɗa.”